Jan baƙi ko fashin baƙi: abin da ɗalibanmu ke zubawa a takardar disartasiyo

Idan watan Mayu ya kama, zafi ya kai intaha a Maradi, duk wanda ya ratsa unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo bayan isha'i zai tarar da samari ƙarƙashin fitilar titi, kowa da kaye, wato littafin rubutu, a hannu. Wasu sun jingina allon katako a bango suna dambe da lissafi. Wasu kuwa kai da kawowa suke yi, ido a sama, baki na motsi. Waɗannan galibi ƴan tarminal ne, ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, masu shirin bak, jarrabawar kammala ta, abin da suke haddacewa kuma maganganun mutanen da suka daɗe a ƙasa ne: Dekart ya ce, Ruso ya ce, Sengor ya ce. Guzuri suke haɗawa na ranar disartasiyo, wato doguwar muƙalar nan da ake ba ɗalibi awa huɗu ya rubuta kan tambaya guda.

Na yi shekaru ina koyar da Faransanci a lise, na kuma cinye jan bik ba adadi wajen gyaran waɗannan takardu. Iyaye na yawan tambayata abin da ke kayar da yara a wannan fanni, tunda ba lissafi ba ne da za a ce amsa ta kuɓuce. Amsar da kowa ke bayarwa ita ce Faransanci ya yi musu nauyi. Haka ne, amma wannan rabin zancen ne kawai.

Bari mu fara da ginin kansa. Jarrabawar bak a Faransa aka ƙirƙiro ta a 1808, zamanin Napoliyon, mu kuma muka gaje ta da kayan cikinta. Ana ba ɗalibi jimla ɗaya, ko tambaya, ko maganar wani marubuci a ce ya tattauna ta. A ce misali: shin aikin marubuci shi ne ya yi wa al'ummarsa yaƙi da alƙalami? Ba a son ya ce i ko a'a ya ajiye bik. Zai fara da shimfiɗa, ya zaƙulo ƙullin da ke cikin tambayar, abin da muke kira puroblematik, ya faɗi hanyar da zai bi. Daga nan sai gangar jikin muƙalar, wadda a mafi yawan lokuta kan duwatsu uku take zaune kamar tukunya a murhu. Akwai tez, inda zai kawo hujjojin da ke ƙarfafa maganar. Akwai antitez, inda zai juyo ya nuna inda ta gaza. Akwai santez, inda ake son ya fito da fahimtar da ta fi biyun farko faɗi. Maki 20 ne, 10 ita ce tudun tsira. Hukuncin da kowa ke tsoro shi ne a rubuta masa orsije, wato ya bar tambayar da aka yi masa ya amsa wata da ya zo da ita daga gida.

Dutse na uku shi ke yawan kifar da tukunya. Yara sun ɗauka santez sulhun tsofaffi ne, a ce kowa na da gaskiyarsa, a yi haƙuri a tashi. Alhali abin da ake nema shi ne ɗalibi ya gano abin da tambayar ta ɓoye. A misalin da na kawo, bayan ya nuna marubuci mayaƙi ne, ya kuma nuna cewa adabi na da wasu ayyukan kamar nishaɗi da ƙawata harshe, sai ya tsaya ya ce: to wa zai ji kiran yaƙin, idan an yi shi da harshen da uwar marubucin ba ta iya karantawa? Da wannan tambayar kaɗai ya ɗaga muhawarar zuwa wani mataki. A cikin tulin takardu, kaɗan ne ke kaiwa nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wannan salon tunani ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya zauna zauren malami ana karatun Risala ya ji ana cewa mas'alar nan ƙauli biyu ce, a kawo hujjar wannan, a kawo ta wancan, sannan a faɗi wanda ya fi rinjaye da dalilin rinjayensa. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji mai ƙara da wanda aka yi ƙara. Ku je fadar samari lokacin shayi na biyu ku saurari gardamar ƙwallo ko ta kokawa: shekara, suna, wanda ya kayar da wa, a wane gari, babu abin da ba za a kawo ba, wanda ya yi ƙarya kuma nan take za a ƙure shi. Yaron nan da ya hana kowa sakat a fada, shi ne gobe zai zauna gaban farar takarda ya fara da "tun fil azal ɗan Adam yake tambayar kansa", jimlar da ta buɗe muƙala dubu ba ta ce komai ba.

A wajen tafsirin azumi mutum biyu ke zama. Alaramma na jan baƙi, malam na fasa shi, yana warware ma'ana, yana kawo ta cikin rayuwar masu saurare. Kowanne aikinsa mai daraja ne, amma da za a yi wata guda ana jan baƙi babu mai fasawa, ba za a kira zaman tafsiri ba. Yawancin muƙalun da nake gyarawa jan baƙi ne zalla. Maganganun manya a jere, wasu ma an jingina su ga wanda bai faɗe su ba, babu inda yaron ya tsaya ya ce ga abin da wannan ke nufi a nan inda nake zaune.

A fannin adabi, babu maganar da ta sha wuya kamar ta Amadu Hampate Ba, cewa a Afirka idan tsoho ya mutu ɗakin karatu ne ya ƙone. Ko tambayar ta shafi waƙa, ko wasan kwaikwayo, ko matsayin mace, sai an san yadda aka cusa ta. Amma da wuya ka ga wanda ya shiga ɗakin karatun da ke kwance a tsakar gidansu ya ɗauko ko da littafi ɗaya. Za a tambaye su amfanin adabin baka, su kawo misalin marokan ƙasar Mande da suka karanta a fasikil, ƴan littattafan taƙaita darasi, su manta da kirarin da ɗan kokawa ke yi kafin ya shiga fili, a garin da ya ba ƙasar nan Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokawa ta ƙasa a 1975. Su manta da waƙar daka, inda mace ke aika wa kishiya ko uwar miji saƙon da ba ta iya faɗa da fatar baki, su manta da zambo da habaici. A ganinsu waɗannan ba su kai a sa su a takardar jarrabawa ba.

Ko littafin gida suka ɗauko, haka abin yake. Labarin Sarauniya da Abdullahi Mamani ya fitar a 1980 kusan kowa na ambatonsa, amma a matsayin littafin tarihi. Gaskiya ne an gwabza a Lugu a 1899 tsakanin mutanen Sarauniya Mangu da rundunar hafsoshin Faransa Vule da Shanuwan. Sai dai Mamani ƙagaggen labari ya rubuta, shi kuma ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da kurkuku, yana da dalilinsa na ɗaga mace guda ta zama tutar turjiya. Me ya samu a bakin mutane, me ya ƙara, don me ya ƙara? Ga muƙala sukutum a nan, kuma wannan tambayar ba ta rage wa Sarauniya komai.

Tarihi ne ya fi ba ni takaici, domin garin nan namu kansa tez da antitez ne. Yaranmu za su zayyana maka taron Yalta da na Potsdam na 1945, da rikicin Kuba na 1962, tiryan-tiryan. Ba laifinsu ba ne, manhajar tarminal can ta fi karkata. Amma ka tambayi yaro me ya sa sarkinmu ake ce masa Sarkin Katsina alhali Katsina na ƙetaren iyaka, me ya sa na Tsibiri ake ce masa Sarkin Gobir, sai ya sosa ƙeya.

Ga yadda abin yake a taƙaice. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jihadi ya tashi. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yi arewa, daga baya mutanen gulbi suka yi wa wakilin sabbin masu mulki tawaye, suka karɓi Ɗan Kasawa, Maradi ta zama mazaunin sarautar da ta ƙi miƙa wuya. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Katsina Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama. Bayan nan Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ɗan Baskore, wanda sunansa ke kan ɗaya daga lise-lisen garin nan, ya shafe zamaninsa yana kai hare-hare cikin ƙasar daular. Da Faransa da Ingila suka zo shata iyaka a farkon ƙarni na 20, layin nasu a wannan yanki kusan kan tsohuwar gabar ya bi.

To wannan labari riwaya biyu gare shi. A littattafan malaman Sakkwato, gyaran addini ne da kawar da zaluncin sarakuna, waɗanda suka yi arewa kuma masu taurin kai ne. A bakin makaɗan fadar Maradi da Tsibiri, ƙwace ne aka yi wa masu ƙasa, waɗanda suka ƙi bi kuma su ne mazaje. Ɗalibin Maradi yana ɗauke da duka biyun a jikinsa: da asuba ya karanta littattafan Shehu da Abdullahin Gwandu a makarantar zaure, ranar sallah ya bi hawan sarkin da kakanninsa suka yaƙe su. Babu wanda ya fi shi cancantar ya auna riwayoyin nan, ya tambayi wa ya rubuta, wa ya rera, me kowanne ke son a tuna, me yake son a manta. Abin da ake kira nazarin madogara a jami'a ke nan, ga shi a ƙofar gida. Haka kaburburan Vule da Shanuwan da ke Maijirgi, can wajen Tasawa. Haka ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari a cikin gulbi har aka hau tudu, abin da ya sa tsakiyar Maradi ke da tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da zare. Sau nawa muka tura yara su tambayi tsofaffin Bagalam ko Mokoyo abin da iyayensu suka faɗa musu game da wannan tashi?

Abin mamaki, Turawan mulkin mallaka sun yi wannan. A makarantar Wiliyam Ponti ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani da Djibo Bakari suka yi karatu, tun shekarun 1930 ana sa ɗalibai su rubuta dogon nazari kan garuruwansu: aure, abinci, magani, tatsuniya, sarauta. Ɗaruruwan waɗannan kaye suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, masu bincike na cin moriyarsu har yau. Ba don Allah Bature ya yi ba, so yake ya san waɗanda yake mulka. Amma dai ya ɗauki abin da ɗalibi ya sani a matsayin ilimi. Mu da muka karɓi makarantar, sai muka bar wannan muka riƙe haddar.

Siyasa kuwa matsalarta tsoro ne da bin iska. Shekarun baya, kowace muƙala kan mulki da maganar Linkon take buɗewa, mulkin jama'a, na jama'a, domin jama'a. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kalmomin sun sauya, yanzu diyaucin ƙasa ne da sabon mulkin mallaka. Ba ina cewa wannan ko wancan ƙarya ba ne. Abin da na lura shi ne hannun da ya rubuta na farko ba tare da tunani ba, shi ne ke rubuta na biyu ba tare da tunani ba. Yaro na ƙoƙarin ya canki abin da mai gyara ke son ji. Ga shi kuwa tarihinmu cike yake da tambayoyin da za a iya auna su cikin natsuwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958, Djibo Bakari da Sawaba sun ce a'a ga tayin Dagol, jagoran Faransa, na ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gine. A Gine a'a ta ci, Faransa ta kwashe nata ya nata ta bar su cikin wahala. A Nijar i ta ci, da hannun gwamnan Faransa a ciki, aka haramta Sawaba a 1959, ƴancin kai ya zo ranar 3 ga Agustan 1960 a hannun Diori. Wa ya hango daidai? Ɗalibin da zai iya tsayawa a takalmin kowanne daga mutanen nan biyu na tsawon shafi guda, ya riga ya koyi abin da zai auna siyasar yau da shi. Kada kuma a manta ɗalibai ba ƴan kallo ba ne a siyasar ƙasar nan. Jinin ɗalibai ukun da aka kashe a gadar Kenedi ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 yana cikin abin da ya kai mu Babban Taron Ƙasa na 1991.

Sai muhawarar zamantakewa, inda munafuncin takarda ya fi fitowa fili. Ɗauki auren wuri. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matasan matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, jihar Maradi kuma ita ce kan gaba. Dokar farar hula ta sa shekara 15 ga mace, 18 ga namiji, mafi yawan aure ma ba ta hanyarta ake ɗaura shi ba. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace. Wato duk yaron da ke cikin ajina ya san abin nan a gidansu ko gidan maƙwabta. Amma da an ba da tambayar, sai kowa ya ari bakin ƙungiyoyin agaji: annoba ce, jahilci ne, a wayar da kan iyaye. Antitez ɗinsa layi uku, don yana jin kunyar rubuta abin da ubansa ke faɗa. Da an tashi, a fada, sai ka ji shi yana kare abin da ya la'anta da safe.

Zanen aro ba ya rufe katara. Muƙalar kirki za ta zaunar da uban nan ta saurare shi: kwalejin tana da nisa, babu gidan da zai amince ya ajiye ɗiyarsa, yana tsoron abin kunya, ya ga waɗanda suka yi shekara goma a lakkwal suka dawo babu aiki babu aure. Sannan ta je asibitin Danja ta ga matan da ke jiran aikin yoyon fitsari, ta ƙirga abin da yarinya ke rasawa idan aka cire ta daga aji. Sai an ba kowane ɓangare haƙƙinsa santez ke samun abin faɗi, ta gano cewa wata gardamar da ake yi da sunan addini da al'ada, a ƙasanta maganar nisan makaranta ce da wurin kwana. Mai karatu na iya ƙin yarda da ɗalibin, amma ba zai ce bai yi tunani ba.

Yanzu mu koma kan Faransancin. Yaro ya tashi da Hausa, ranar da ya shiga aji aka ce ya ajiye ta a ƙofa. Shekara 13 ke nan daga ajin farko zuwa tarminal, yana koyon tunani da harshen da ba ya faɗa da shi, ba ya ciniki da shi, ba ya mafarki da shi. Wanda kalmominsa ba su da yawa dole ya fake a bayan jimlar da ya tabbata babu kuskure a cikinta, jimlar kuwa ita ce ta hadda. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, aka yi ta gwaji har gwajin ya tsufa. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko wannan zai iso ɗakin jarrabawa, sai an tanadi littattafai da kalmomin fannoni da malaman da suka iya rubuta Hausar bisa ƙa'ida. Ni dai ina da yaƙinin ko gobe aka ce a rubuta da Hausa, muddin ba mu sauya abin da muke ba maki ba, karin magana goma za a jero mana a madadin Dekart.

Domin mu masu gyara muna da namu kason. Mutum na gaban tulin takardu, ga zafi, ga lokaci na ƙurewa. Ido sunaye yake nema: ya ga Sartir, ya ga Fanon, ya ce wannan ya yi karatu. Takardar da ta zo da misalin kasuwar Ɗan Isa ko rikicin manomi da makiyayi sai an natsu kafin a ga darajarta. Yara kuma ba wawaye ba ne, sun san abin da ke biya. Wayar hannu ta zo ta ƙara sauƙaƙa abin: da fasikil ake kwafa, yanzu gyararrun muƙalu ke yawo a WhatsApp, wasu kuma ChatGPT ke rubuta musu aikin gida, Faransanci sumul, babu ƙurar Maradi ko ɗaya a jikinsa.

Abin da na koma yi a ajina ƙarami ne. Kafin kowa ya taɓa bik, sai mu yi rabin awa muna gardamar da Hausa, in raba su biyu, in tilasta wa kowa ya kare ɓangaren da ba nasa ba. Ajin da ka sani kamar maƙabarta sai ya koma kasuwar Juma'a. Daga nan mu jera hujjojin a tabulo, sannan a shiga neman Faransancinsu.

Wata shekara, bayan irin wannan zama kan auren wuri, wata ɗaliba daga wani ƙauye na wajen Madarunfa ta kawo mini shafi huɗu. Babu sunan marubuci ko ɗaya a ciki. Ta kawo dalilan mahaifinta na aurar da yayarta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta zage shi ba. Ta kawo abin da ya biyo baya, ba ta ƙara gishiri ba. Ta rufe da tambayar me ya sa ita aka bar ta, ta amsa da cewa gwaggonta na zaune a birni, yayarta kuwa lokacinta babu wanda zai riƙe ta. Kurakuran nahawu sun cika takardar. Na ba ta 14. Na nuna wa wani abokin aikina a ɗakin malamai, ya karanta, ya ce: "Malam, labari ne mai kyau, amma ina sitasiyo, ina maganganun manya? A wurina 9 ce."

Da na mayar mata da takardar, ta tsaya bayan kowa ya fita, ta ce: "Mushe, in na rubuta haka ranar bak, zan ci?"

Na ce: "Ɗiyata, rubuta haka. Amma ki liƙa Hampate Ba guda a shimfiɗa, don ban san hannun da takardarki za ta faɗa ba."